Lemu dai ba na marar lafiya kaɗai ba ne

Sanyin hunturu ya shigo, lemu ya cika kasuwar Garwa, amma mu mutanenmu sai wani ya kwanta asibiti sannan a tuna da shi a ɗauro a leda a kai dubiya. Haba jama'a.

Lemun zaƙi matsakaici guda ɗaya yana da bitamin C wajen miligiram 70, kusan abin da babba ke buƙata a yini kenan, kuma jiki ba ya ƙera shi da kansa, ba ya kuma tara shi da yawa, dole sai an riƙa ci. Shi ke taimaka wa dasashi da fata da warkewar rauni. Abin da ya fi burge ni shi ne maganar ƙarin jini, in ka ci wake ko kwaɗon zogale ka matsa lemun tsami a kai, jiki ya fi tsotse sinadarin ƙarfen da ke ciki, mata masu ciki ku ji wannan da kyau.

Amma fa a ci lemun zaƙi da ɓargonsa, kar a tsotse ruwa a tofar da sauran, wannan zaren shi ke hana cushewar ciki. Lemun kwalba kuwa suna kawai ya ara, sukari ne da kala.

Masu shan ruwan lemun tsami kullum da safe wai don rage ƙiba, ba ya narka kitse wallahi, haƙora dai yake ci a hankali. A riƙa kurkure baki da ruwa bayan an sha.