Daidaita sahun lambobi a rahoton kuɗi

Wata ƙungiyar 'yan kasuwa ce ta kawo shagonmu rahoton kuɗinta na shekara, a tsara shi kafin taron mambobi. Sakatarensu ya riga ya buga komai a Word da salon harufa na Courier New, ya jera kuɗaɗen da maɓallin tazara, kuma a haka sun tsaya cak. Shugabansu ya ce shi Times New Roman yake so. Ina canzawa, lambobin suka watse, wannan ya yi gaba, wancan ya yi baya.

Ba laifin sakataren ba ne, hannun tafireta ne da shi. A tafireta kowane harafi faɗinsa ɗaya, haka aka ƙera Courier, shi ya sa ƙirga tazara ke yin aiki a can. A Times kuwa "i" siriri ne, "m" faffaɗa. In aka raba girman harafi gida 1000, kowace lamba tana cin 500, tazara 250, waƙafi da ɗigo su ma 250. To "Kuɗin rajista" da "Gudummawa" ba za su ƙare a wuri guda ba, kuma ko sau nawa ka danna tazara, kusa kawai za ka zo. A allo ido zai iya yafewa, takarda ba ta yafewa.

Na share tazarar nan kakaf, na bar dannawar maɓallin Tab ɗaya tak tsakanin bayani da kuɗi. Sannan na je ɗan akwatin da ke gefen hagu na rular da ke saman shafin Word, na yi ta dannawa har alamar T mai kife da ɗigo a gefenta ta fito, na dasa ta inda nake son ɗigon kobo ya tsaya. Nan take 1,250,000.00 da 850.50 suka daidaita sahu kamar masallata, ɗigo a ƙarƙashin ɗigo.

Wani zai ce ai tura su dama ya isa. Yana isa, in kowane adadi yana da gurbi biyu na kobo. Amma a rahoton nan akwai inda aka rubuta 4,000 ba kobo, ga kuma giɓi da ma'aji ya sa cikin baka kamar yadda akantoci ke yi. In ka tura dama, bakan rufewa ne zai kama gefe, ya turo lambobin ciki. Tsayawa a kan ɗigo ba ta da wannan matsalar, bakan yana leƙawa waje abinsa. Duk da haka na ƙara .00 a inda babu, alamar naira kuma na kai ta saman jeri sau ɗaya. A cikin tebur ma dabarar tana ci, kuma can ba sai ka danna Tab ba.

Abin da ya fi ɗaukar mini hankali shi ne su lambobin kansu. Na gwada salon Georgia a shafin taƙaitawa saboda kyansa, sai na ga ɗigo ya daidaita amma dubbai ba su hau kan dubbai ba. Lambobin Georgia faɗinsu ya bambanta, wasu ma suna saukowa ƙasan layi. Cikin jimla suna da daɗin karatu, a lissafi kuwa ba wurinsu ba ne. Yanzu kafin in zaɓi salo sai in buga 1111, in buga 8888 a ƙarƙashinsa. In sun ƙare tare, na ɗauka. Times da Arial suna wucewa. Irin su Candara da Constantia suna ɗauke da lambobi masu faɗi ɗaya a ɓoye, kuma tun daga Word 2010 ana iya kunna su. Manhajar tsara shafi ta InDesign ma tana da wannan zaɓin.

Na dage a kan wannan ne domin dattijon da zai riƙe takardar a taro da yatsa zai bi jerin yana tarawa. In 50,000 ta goce ta zauna kamar 500,000, ma'aji ne zai sha tambayoyi a kan kuɗin da bai taɓa ba.

Da na gama sai na mayar da aikin PDF kafin a kai maɗaba'a, don kada kwamfutarsu ta rasa salon ta musanya shi da wani.