"Ai ba giya ba ce, magani ne"

A Aboabo, unguwar zango da ke Kumasi a ƙasar Gana, ba za ka ji wanda ya ce yana shan giya ba. Tambayi duk wanda ka ga dama, daga ƙofar masallaci har majalisar samari inda ake dafa ataya, za a ce maka wannan aikin waɗansu ne, mu nan Musulmi ne. Ni kuwa shagon magani gare ni, kuma mai shagon magani yana jin warin bakin mutane da sassafe, tun kafin a ci goro a shafa turare.

Abin da ake sha bitas ne. Ana sayar da shi a ƙananan kwalabe da 'yan ledoji, an ce an jiƙa saiwoyi da sassaƙe a ciki, wai yana maganin basir, yana sakin ƙugu, yana ƙara wa namiji ƙarfi. Waɗannan ukun kuwa su ne kukan duk wanda ya wuni a kan babur, ko kwance ƙarƙashin mota a unguwar makanikai ta Suame Magazine, ko yana dakon kaya a kasuwar Kejetia. Mutumin da ko da kuɗi ba zai zauna a mashaya da kwalba a gabansa ba, shi ne zai raɓa bayan kanti ya kwankwaɗi leda biyu, ya tauna kanumfari, ya wuce sahun gaba. Juya kwalbar ka karanta: da yawansu barasar da ke ciki ta kai kashi 40 cikin 100, kusan ƙarfi ɗaya da akpeteshie, barasar gargajiyar nan da muke toshe wa hanci. Giyar kwalba da muke zagi ba ta cika wuce kashi 5 ba.

Hukuma ta taɓuka nata. Hukumar kula da abinci da magunguna, FDA, ta hana mawaƙa da 'yan fim da sauran fitattun mutane tallan giya, aka kai ƙara, Kotun Ƙoli ta tabbatar da hanin a watan Yunin 2024. Madalla. Sai dai a zango ba daga talabijin tallan yake zuwa ba, daga bakin aboki yake zuwa, wanda zai ce maka shi ma da ita ya rabu da basir.

Hanta ce ke biyan bashin, kuma ba ta ƙorafi sai ta kusa ƙarewa. Ciwon hanta nau'in B ya yi yawa a Gana, mutane da dama suna ɗauke da shi ba su sani ba, wasu tun daga haihuwa. A kan wannan hantar ake zuba bitas da dare, da safe a zo wurina a nemi farasitamol don kai na sarawa, a haɗiye huɗu lokaci ɗaya, alhali shi ma farasitamol in ya yi yawa hantar yake ci. Ranar da ido ya yi ɗorawa, ciki ya kumbura, ƙafa ta haye, sai ka ji an ce shawara ce, ko an ce jifa aka yi. Masu haɗawa da tiramadol kuwa numfashinsu suke wasa da shi, don dukkan biyun suna danne shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 barasa ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 2.6, miliyan 2 daga ciki maza ne.

Amma abin da ya sa na zauna rubutun nan azumi ne. Wanda jikinsa ya saba da sha kullum, in watan ya kama sai ya yi niyya ta gari ya yanke gaba ɗaya. Kwana na farko hannu na rawa, gumi, ba barci. Kwana na biyu zuwa na uku wani sai ya fara ganin abin da babu, ƙwari a bango, mutane a bakin ƙofa, wani ya faɗi yana farfaɗiya. Wata dattijuwa ta zo shagona a irin wannan lokaci ta ce, "Alhaji, ba ni maganin barci, iska ta taɓa min yaro, an yi ruƙiyya bai lafa ba." Na san yaron, na san inda yake tsayawa in ya tashi aiki. Na ce, "Mma, a ci gaba da addu'a, amma yanzun nan a sa shi a mota a kai shi asibiti, kuma in likita ya tambaya ko yana sha, kada ki rantse masa." Ta yi shiru, ta gyara mayafi, ta ce, "Ashe kai ma ka sani."

Kowa ya sani. Ita ta sani, matarsa da kuɗin cefane ya daina isa hannunta ta sani, maƙwabtan da ke jin faɗa da tsakar dare sun sani. Kunya ce ta sa aka ɗora wa aljani, don mai iska ana tausaya masa, mashayi kuwa ko ƙanwarsa sai ta sha gori ranar da aka zo neman aurenta. Wannan rawar jiki da ruɗewa ciwo ne da ke iya kisa, kuma yana da magani. Asibitin Komfo Anokye da ke nan Kumasi yana da sashen masu lalurar ƙwaƙwalwa, a Pantang da ke Akra da Ankaful kusa da Cape Coast kuma akwai wuraren da ake kwantar da masu son rabuwa da shaye-shaye. Wanda shansa ya yi nisa ya ga likita tun Sha'aban, kada ya jira ganin wata.

Malamanmu suna wa'azi a kan giya, Allah Ya saka musu, amma mai leda a aljihu yana gyaɗa kai ne tare da kowa, don a ganinsa ba da shi ake ba. Na roƙi limamin masallacinmu in zai sake taɓo maganar a huɗuba ya ambaci bitas da sunansa, ya kuma ce wa mutane su je a gwada jininsu don ciwon hanta. Ya yi dariya ya ce in ya faɗi haka rabin sahu zai ɗauka da shi yake. Na ce masa, Malam, ai da su ɗin ake.