Hannun kurtu a garin POP

Laraba, Kawo, ana tsakiyar hunturu. Aikin yau zubin hannuwan 'yan mazan jiya ne: kurtu, las kofur, kofur da saje. Hafsoshi suna da hotunansu a bangon ofis. Wanda ya shiga ta Daffo na Zariya, ya yi wata shida yana shan horo, ya ƙare a gadin ƙofa, ba mai rataya nasa. An zaɓi masu ritaya ne saboda soja mai ci ba ya zama a ɗauki siffarsa sai da izinin na sama, bariki kuwa ba wurin yawo da kyamara ba ne.

Ba a taɓa tsoma hannun mutum cikin POP, farin garin filasta da ake yin silin da shi, kai tsaye. Zafi yake yi idan zai daskare, yana ƙuna, ya kuma riƙe yatsu gam. Gurbin hannun da garin aljinet ake yi, irin na likitocin haƙori, kusan rabin kilo ga hannun babba. A kwaɓa a bokiti da ruwan sanyi don ya jinkirta kamawa, a cire zobe, a shafa basilin kaɗan inda gashi yake. Tsohon sojan ya sa hannu a ciki, ya yi minti biyar ba motsi, sannan ya zare a hankali.

Nan iskar Kaduna ke ɓata aiki. Aljinet yana tsukewa da zarar ya fara bushewa, don haka zubi nan take. POP kilo ɗaya, ruwa wajen mililita 700, kuma gari ake barbaɗawa cikin ruwa, ba a zuba ruwa kan gari, in ba haka ba zai yi gudaji. A fara zuba kaɗan cikin gurbin, a jujjuya bokitin ya kai ƙarshen yatsu, a bubbuga gefe kumfa ta taso. Wanda ya tsallake wannan zai ciro hannu da guntun ɗan yatsa. Bayan awa ɗaya a yanka aljinet ɗin da wuƙa mara kaifi.

Kanta, tabo, farcen da ya fashe, duk sun fito. Kada a goge su da sanfefa, su ne labarin. Ƙarƙashin kowane hannu za a rubuta muƙami da wurin da ya yi aiki kawai, Laberiya ko Saliyo ko Borno, ban da suna. Za su sha iska a inuwa mako guda, a gama kafin 15 ga Janairu, ranar tunawa da 'yan mazan jiya.