Godiya ga duk wanda ya sa hannu a baje kolin kayan fim ɗinmu na Legas

Assalamu alaikum jama'a. Tun daren Lahadi nake son in rubuta wannan amma gajiya ta hana, sai yau da na ninke riga ta ƙarshe na sa a akwati sannan na samu na zauna. Alhamdulillahi mun gama lafiya, kwana 7 cur, kaya kala 23 a wuri uku, zauren kusa da shagonmu a Agege, da wani shago mai gilas a Obalende, sai kuma falon da aka ba mu aro a Victoria Island.

Ga waɗanda ba su san yadda abin ya faro ba, duk Nuwamba idan aka zo bikin fina-finai na AFRIFF, wanda Chioma Ude ta kafa a 2010 aka fara shi a Fatakwal kafin ya dawo nan Legas, garin yakan cika da daraktoci da furodusoshi da 'yan wasa, kowa maganar kyamara da labari yake, mu da muke ɗinka abin da ɗan wasan zai sa kuwa sunanmu can ƙarshen fim yake wucewa da gudu lokacin da kowa ya tashi yana neman takalminsa. Shi ne bana muka ce bari mu fito da kayan da kanmu a makon bikin, da kuɗinmu, ba a cikin tsarinsu ba, mutane su zo su gani da idonsu.

Godiyata ta farko ga Baba ce, dattijon nan na Idi-Araba mutumin Zariya da ya yi mana aikin hannu a babbar rigar nan mai aska takwas. Wata huɗu ya yi a kanta, da allura da zaren tsamiya, yana zaune a bakin ƙofa saboda hasken rana don idonsa ya fara rauni. A fim ɗin da aka sa ta ko minti uku ba ta yi a allo ba, kuma shi bai taɓa ganin fim ɗin ba ma. Ranar Laraba muka ɗauko shi muka kai shi Island, ya tarar da rigarsa a jikin mutum-mutumi an haska mata fitila mutane sun kewaye ta. Wata mata Bayarabiya mai sana'ar aso-oke, saƙin gargajiyar Yarabawa, ta tsaya ta daɗe tana bin askar da ido har zuwa tambarin da ke baya, ta ce a nuna mata injin da ya yi wannan, na ce Mama ga injin nan zaune a kujera. Wallahi har ƙasa ta durƙusa ta gaishe shi. Baba bai ce komai ba, ya dai tashi ya je ya gyara wuyan rigar don mun ɗan karkata shi wajen ratayewa. Baba Allah ya ƙara maka lafiya da hasken ido, ni dai abin da na yi wannan wahalar dominsa ke nan kuma na gani.

Sai ogana da ya koya min ɗinki tun ina yaro, shi ya bar mana zauren Agege kyauta har da janareto da mai. Da kuma Alhaji na Kano da ya yarda ya ba mu aron sulke da lifidi da kwalkwali, kayan gado ne na gidansu ba na fim ba, ya ba mu a kan amana kawai ko takarda ba mu rubuta ba. Direban motar albasa ne ya sauko mana da su har kasuwar Mile 12 a gaban mota kusa da shi, ya ƙi karɓar ko sisi.

To ranar Litinin kam mun ga tashin hankali. Mun ɗebo kayan Island a bas, muna tsakiyar Third Mainland Bridge motar ta mutu, gadar nan ta fi kilomita 11 kuma babu inda za ka raɓe, ga hadari ya haɗo irin ruwan ƙarshen damina na Legas da ba ya sallama, ga gosulo ya taru a bayanmu ana ta hon. Rufin bas ɗin yana yoyo ashe. Kafin mu ankara ruwa ya taɓa rawanin ɗan kura, wanda ya san shi ya san ko a bushe ka taɓa sai shuni ya kama hannunka balle da ruwa, ya zuba a gefen farar alkyabba. Na ji kamar in zauna a titi in yi kuka. Wani direban danfo da bai san mu ba, ba yarenmu ɗaya ba, ya tsaya, ba fasinja a motarsa, ya taya mu kwashe kayan ya kai mu har ƙofa. Ban samu lambarsa ba, Allah ya san shi. Alkyabbar kuma Hajiya mai wanki da 'ya'yanta mata suka kwana a kanta, da safe sai ka sa ido sosai za ka ga ɗan alamar a ƙasan gefe. Hajiya Allah ya saka da alheri, ya raya miki zuri'a.

Abin da ya fi min daɗi bayan na Baba shi ne tambayoyin yara a Agege. Sun ga riga iri ɗaya sak guda biyu, ɗaya fes ɗaya a yage da jini, na yi musu bayani cewa duk fitowar da za a yi faɗa sai an ɗinka biyu ko uku, don idan darakta ya ce a sake ba za ka iya mayar da yagaggiya sabuwa ba. Na nuna musu yadda muke tsufar da sabon yadi da ruwan shayi da goga shi a dutse, don talaka a fim ba zai fito da rigar da aka yanko jiya a kasuwar Balogun ba. Da dalilin da ya sa muke rage sitaci a shadda, ƙararta tana shiga makirfon, mai ɗaukar sauti ya yi ta faɗa da mu, da yadi mai ƙananan layuka da yake rawa a kyamara. Wani yaro ya dawo kwana uku a jere da littafinsa yana zana hular haɓar kada da kayan dogarai ja da kore, jiya mahaifinsa ya kawo shi shago ya ce in riƙe shi.

Ina roƙon 'yan uwanmu na Kannywood, tun daga fim ɗin Turmin Danya a 1990 zuwa yau shekara sama da talatin ke nan ana ɗinka kaya ana yin fim, ina kayan suke? Yawanci an gama shutin an raba, ko an bar su a buhu fumfuna ta cinye. Don Allah a riƙa ajiyewa, a rubuta sunan telan a jiki.

Na gode wa matasan Obalende da suka yi gadi dare da rana, da masu shayin da suka riƙa aiko mana ba mu tambaya ba, da Malam da ya buɗe mana da addu'a, da uwargidana da ta riƙe gida da shago mako guda ba ta ce uffan ba. Wanda na manta ya yafe min, kaina ne ya cika.

Masu kayan aro ku kwantar da hankalinku, duk an shanya an goge, daga gobe zan fara kai wa kowa nasa da kaina. Alhaji, sulke da lifidi za su biyo motar ranar Alhamis in sha Allahu, ƙanena zai rako su har gida.