Faransanci yana Kwanni, mu muna nemansa a Badagry

Ɗakuna biyu ne da rumfar kwano a unguwar Mabera ta Sakkwato, da farin allo, da benci goma sha biyu, da fanka uku masu aiki da sola. Nan nake cin abinci shekara tara ke nan. Muna koyar da Faransanci da Larabcin magana, sai ɗan Turanci ga masu shirin WAEC. Ni ne mai wuri, ni ne mai karɓar kuɗi, ranar da yaron shara bai zo ba kuma ni ne mai tsintsiya. Malamai uku nake biya, huɗu da ni.

Duk wanda aka kawo mini, kafin a yi maganar kuɗi, gwaji ɗaya nake yi masa. In ya ce ya yi Faransanci a ƙaramar sakandare, sai in kira malaminmu, wani Ba'adare da ya yi karatunsa a Tawa ta Nijar, in ce su gaisa. Bara wani dattijo ya zo da ɗansa da takardar sakamako a hannu, maki mai kyau ƙwarai. Malamin ya tambayi yaron sunansa da unguwarsu, da Faransanci, a hankali. Yaro ya dubi ƙasa. Aka sake. Ya dubi ubansa. Da na miƙa masa alƙalamin allo na ce ya rubuta sarrafa fi'ilin être, sai ga shi ya zuba shi tiryan-tiryan, babu kuskure ko ɗaya.

"Malam, to mi ya koya shekara ukku?" in ji dattijon.

Na ce, "Baba, ya koyi abin da aka koya mishi. Hannunshi ya iya, kunne da baki ne ba a taɓa ba."

Laifin ba na yaron ba ne, ba kuma duka na malaminsa ba. Tun 1996 Janar Sani Abacha ya ce Faransanci zai zama harshen hukuma na biyu a Najeriya, daga baya manufar ilimi ta ƙasa ta sa shi dole a ƙaramar sakandare, ta bar shi zaɓi a babba. A takarda abin gwanin kyau, don duk ƙasashen da muke iyaka da su ta ƙasa, Nijar da Benin da Chadi da Kamaru, suna aiki da shi. Amma darasi ɗaya ko biyu a mako, aji cike maƙil, malami guda yana yawo tsakanin azuzuwa, jarrabawa kuma rubutu zalla, me kake jira ya fito? Da yaro ya shiga aji huɗu sai ya yar da shi kamar tsohon takalmi, ya kama lissafi da kimiyya, don su JAMB za ta tambaye shi. Yawancin yaran da ke zuwa wurina ma cewa suke a makarantarsu sunan darasin ne kawai a jadawali, malami babu.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne nisa. Ƙauyen koyon Faransanci na ƙasa, wanda aka kafa a 1991 don ɗaliban jami'a su je su zauna cikin harshen, yana Badagry ta jihar Legas, can bakin teku. Ɗalibi daga Sakkwato sai ya ratsa ƙasar nan kaf kafin ya kai. Alhali in ka shiga mota a tashar Illela bayan asuba, kana iya shan kokon safe a Kwanni, garin Nijar da ke tsallaken iyaka. Ban ce a rushe Badagry ba, tana aikinta. Amma wanda ya zana tsarin nan daga Legas yake kallon taswira.

Masu zuwa wurina iri uku ne. Akwai 'yan sakandare da iyaye ke turowa lokacin dogon hutu, su ne masu yawa, su ne kuma masu saurin gudu. Akwai waɗanda suka gama Jami'ar Usmanu Danfodiyo ko kwalejin ilimi suna neman aiki da ƙungiyoyin agaji, an gaya musu Faransanci na ƙara wa takarda nauyi. Sai yaran kasuwa, masu albasa da wake da kayan masarufi, da yaran mota. Waɗannan na ƙarshe ba su da littafi mai kyau, wani ma karatun boko bai wuce firamare ba, amma su ne ke fara buɗe baki. Dalilinsu a fili yake. Ciniki a Kwanni ko Galmi da Hausa ake yinsa, ba su da matsala nan. Matsalar takarda ce: ta duwan, wato kwastan ɗin Nijar, ta jandarma, rasit, lasisin mota. An taɓa sa ɗayansu ya dangwala hannu a kan abin da bai karanta ba, ya biya kuɗin da bai kamata ba, shi ya kawo shi.

Darasin da na fi jin daɗinsa shi ne na ƙirga. Bafaranshe ba ya da kalma guda ta saba'in, sai ya ce sittin da goma. Tamanin kuwa ashirin huɗu ce. Casa'in da bakwai: ashirin huɗu da goma da bakwai. Ranar farko aji kan kaure da dariya, wani ya ce wanga ai zalunci ne. Sai in tambaye su, goma sha takwas fa, yaya kakanninku ke faɗinta? Ashirin ba biyu. To wa ya fi wani murɗiya? Daga nan malaminmu ya ɗora musu ta Nijar, inda ake ƙirga kuɗi da dala, dala ɗaya kuwa sefa biyar ce. Mai tebur zai ce maka dala ashirin, takarda ta ce cent francs, duka ɗari ne. Muna baza albasa da sabulu da kwalin shayi a kan benci, a raba aji biyu, masu saye da masu sayarwa, Hausa haramun ce har minti ashirin. Wanda ya yi subutar baki ya share allo. A makonni shida na farko ba na barin kowa ya rubuta fiye da layi biyar a rana. Wasu iyayen na ƙorafi, wai littafin yaro ba ya cika, kamar littafin ne zai yi magana.

Larabci ma ciwon ɗaya ne, sai dai ya fi ban kunya a garin da Shehu da Abdullahin Gwandu da Muhammadu Bello da Nana Asma'u suka cika duniya da rubutu. Yaro zai zo ya sha nahawu a zaure, ya yi maka i'irabin aya ba gargada, amma ka ce ya tambayi kuɗin mota zuwa Harami sai ya daskare. Masu neman Madina ko Azhar su ne abokan cinikina a nan. Kafin yaƙin Sudan ya ɓarke a Afrilun 2023 masu shirin Khartum ma suna da yawa, yanzu wannan layin ya bushe.

Ta fuskar kuɗi, hannu baka hannu ƙwarya ne. Wata uku-uku muke karɓa, rabi a farko, rabi a tsakiya, kuma rabin na biyun ne ke tsufar da ni. Ajin 'yan mata da safe yake, ranar Asabar da Lahadi, malama ce ke ɗaukarsu, in ba haka ba iyaye ba za su bari ba. Su suka fi maza naci nesa ba kusa ba, sai dai aure na ɗauke mini su a tsakiyar zango. Maza bayan la'asar, 'yan kasuwa bayan isha'i. Watan azumi muna rufewa. Afrilu da Mayu kuwa, in zafin Sakkwato ya taso, kwanon rumfa sai ka soya ƙwai a kai, dole mu dawo da komai dare. Wanda ya yi nisa yana son takardar DELF, wato shaidar ƙwarewa a Faransanci, ba mu muke bayarwa ba, sai ya tafi cibiyar Alliance Française, kuɗin mota da masauki daga aljihunsa.

Mafi munin lokacin da na gani shi ne bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, da aka rufe iyaka. Ajin dare ya watse cikin mako biyu, wa zai biya kuɗin karanta takardar duwan alhali mota ba ta ƙetarawa? Malaminmu ya yi watanni bai ga iyalinsa ba. Na sayar da babur ɗina na biya albashi. Najeriya ta buɗe nata ɓangaren a Maris 2024, ɗaliban suka dawo da ɗai-ɗai.

Sai kuma 2025, Nijar ta ayyana Hausa harshen ƙasa, ta mayar da Faransanci da Turanci harsunan aiki. A shekarar dai, cikin Nuwamba, gwamnatinmu ta soke manufar 2022 ta koyarwa da harshen uwa a firamare, ta koma Turanci zalla. Kowace gwamnati da tata, yaron da ke kan benci kuwa shi ne dai ɗaya. Ni a ajina da Hausa nake bayanin Faransanci, ban ga wanda ta hana shi ganewa ba.

Dattijon nan na bara ya dawo bayan ya ji labarin Nijar a rediyo. Ya ce tunda su kansu sun koma Hausa, ko ya cire yaron? Kafin in amsa, malaminmu ya zaro katin shaidarsa na ɗan ƙasa da lasisin tuƙi ya ajiye a kan tebur, ya ce wa yaron ya karanta wa Baba. Ya karanta, ya fassara, ya ƙara da tambayar malamin da Faransanci ko hoton tun yana saurayi aka ɗauka. Dattijo bai san me aka ce ba, ya dai ga malami ya fashe da dariya. Ya laluba aljihu ya biya rabin kuɗin zango, ya ce sauran sai albasa ta yi kuɗi.