Shekara goma kafin a goge sunana

Ranar Asabar muka je duba gidan haya a Bronx da ke birnin New York na Amurka ni da maman yara, ɗaki biyu da falo, har ta gama nuna min inda za ta sa gadon yaran, sai matar ofis ɗin ta duba kwamfuta ta ɗago tace a yi haƙuri, akwai bankrofsi, wato shaidar na taɓa karyewa na kasa biyan bashi, a kiredit ɗina, takardar da ke nuna tarihin bashin mutum. A gaban matata wadda ko wata huɗu bata yi da zuwa daga Kano ba. Wlh ji nayi kamar ƙasa ta tsage in shige. Har muka sauka daga jirgin ƙasa bata ce min uffan ba, jakarta kawai ta rungume.

Ni ba cin kuɗin kowa nayi ba. A 2019 nayi hatsari da motar da nake haya da ita, wata biyar ina kwance, ga kuɗin asibiti ga bashin mota ga katin bashi, lauya yace mafita ɗaya ce, in je kotu in shigar da abinda suke cewa Chapter 7 a yafe bashin. An yafe ɗin kuwa, amma abin zai zauna a takardar kiredit ɗina shekara 10 cur, kuma daga ranar da ka shigar da takarda ake fara ƙirgawa, kenan sai 2029. Da Chapter 13 nayi, wanda kake biya kaɗan kaɗan cikin shekara 3 zuwa 5, da shekara 7 ne a cire, to da me zan biya ina kan gado? Kamfanoni uku ke riƙe da labarin mutum, Experian, Equifax da TransUnion, mai gidan haya ya duba, mai saida mota ya duba, kuma babu wanda zai tambayeka me ya faru.

Tun daga lokacin ko kwana ɗaya ban taɓa makara da biyan komai ba, makin kiredit ɗina yana hawa a hankali, kuma da gumina na kawo iyalina ƙasar nan, wannan kam ina alfahari da shi.

Amma Baba nake ta tunawa, Allah ya jiƙansa. Lokacin da ya karye a Kantin Kwari ina yaro, dattawan layinsu suka zauna bayan la'asar, wani ya yafe wani ya ɗaga masa ƙafa, ubangidansa ya sake bashi dila biyu na atamfa yace Alhaji je ka juya, bashi hanji ne. Shikenan maganar ta mutu a wurin.

Hajiya har yau bata san komai ba, duk ƙarshen wata ina tura mata nata, jiya ma ta kira tana tambaya ko mun tare a sabon gidan, wai in turo hoton falon ta nuna wa su Yaya Binta. Nace mata Hajiya a dai sa mu a addu'a, muna kan nema.