Sana'ata: Zagaya Maroko a Jirgin Ƙasa da Masu Ɗaukar Hoto

Ƙaramin kamfani nake da shi a Kano, kuma aikinmu guda ne: mu haɗa 'yan tsirarun masu ɗaukar hoto, mu nema musu biza, mu kai su Maroko, mu zaga da su a jirgin ƙasa daga Kasablanka zuwa Rabat, Miknas da Fas, sannan mu gangaro Marrakesh inda layin dogo ya tuƙe ta kudu. Yawancinsu masu hoton biki ne da suka gaji da amarya da ango, suna son idonsu ya ga wani abu daban. Akwai kuma 'yan uwa Tijjanawa da ke son haɗa ziyarar zawiyar Shehu Ahmadu Tijjani, wanda ya rasu a Fas a 1815, da koyon riƙe kyamara.

Mutum shida nake ɗauka, har da ni. Dalili kuwa, ɗakin tarago mai daraja ta ɗaya a jiragen ONCF, hukumar jiragen ƙasa ta Maroko, kujeru shida gare shi. Idan na sayi tikiti da wuri muka samu ɗaki ɗaya, ya zama ajinmu: mu rufe ƙofa, mu riƙa musayar kujerar taga, kowa ya samu rabonsa. Tashar jirgin ƙasa ma tana ƙarƙashin filin jirgin sama na Muhammad V da ke Kasablanka, don haka daga sauka sai aiki.

Kowa yana zuwa da ɗokin Al Boraq, jirgin da aka ƙaddamar a Nuwamban 2018, mai gudun kilomita 320 a awa tsakanin Tanja da Kenitra. Abin alfahari ne ga Afirka, kuma nakan sa shi a tsari idan suka matsa. Amma ga mai hoto, jirgin gama-gari ya fi albarka. Shi ne yake ratsa gonakin alkama na filin Gharb, ya wuce Sidi Kasim, ya hau tuddan zaitun kafin Miknas, da saurin da ido zai iya zaɓen abin da yake so. A watan Maris da Afrilu ƙasar kore take shar.

Hoto ta gilashin taga yana da nasa ilimi, kuma a nan nake kashe mafi yawan lokacina. Gilashi yana maido da duk hasken da ke cikin tarago, shi ya sa nake roƙon kowa ya ajiye farar shadda a jaka ranar tafiya, ya sa kaya masu duhu. Bakin kyamara a matso da shi dab da gilashi, a kare gefensa da hannu ko roba, amma kada a jingina da ƙarfi don girgizar jirgi tana shiga hoton. Saurin ƙiftawar kyamara kada ya gaza ɗaya bisa 1000 na daƙiƙa. A kafa ido a nesa, a bar na kusa, domin turakun lantarki da shingen bakin layi za su yi ta faɗowa cikin hoto. Kafin na sayi tikiti sai na lissafa ta wane gefe rana za ta kasance a wannan sa'ar, domin mai fuskantar rana ta gilashi mai ƙura ba abin da zai samu sai hazo. Wannan lissafin ne ainihin abin da mutane ke biya na dominsa. Jadawalinmu duka haske ne ke juya shi: hantsi da la'asar sakaliya muna kan titi da kyamara, tsakar rana muna cikin jirgi ko hutawa, salla kuma a yi kasaru.

Fas ce zuciyar tafiyar. Tsohon garin mota ba ta shiga, jakuna da alfadarai ke dakon kaya a lunguna, ka ji an ce "balak" sai ka manne da bango. A can nake ɗaukar ɗan jagora ɗan gari mai lasisin gwamnati, ba na rage wannan kuɗin ko da riba za ta ragu. Shi yake kai mu bakin masallacin Ƙarawiyyin da Fatima al-Fihri ta assasa a 859, da saman shagunan da ake hangen majemar Shuwara, inda ake miƙo maka ganyen na'ana'a saboda wari. Bakano ba ya rasa abin faɗi a wurin, domin fatun jar akuyarmu na cikin waɗanda fatake suka yi ta ketarawa da su Sahara, har Turawa suka san su da sunan fatar Maroko.

Dokata da ba na sassautawa ita ce ta mutunci. Mutanen Maroko da yawa ba sa son a ɗauke su hoto ba izini, musamman mata da dattawa. A yi sallama, a tambaya, idan an ƙi a sauke kyamara da fara'a. 'Yan sanda, sojoji da masu gadin fada ba a ɗaukarsu kai tsaye. Jirgi maras matuƙi kuwa a bar shi a gida, kwastan na karɓe shi a filin jirgi idan babu takardar izini. A dandalin Jami'ul Fana na Marrakesh, masu wasa da macizai da makaɗa da hoton suke cin abinci, don haka a daidaita da su kafin a danna.

Wahalar sana'ar tana wajen kuɗi. Ina karɓar kafin alkalami da naira, in biya masauki da tikiti da dirhami bayan watanni, canji kuma ba ya jiran kowa. Shi ya sa nake biyan masauki da zarar kuɗi sun shigo hannu. Biza ma takan makara, mutum ɗaya ya fita daga ayari, kujerarsa ta tafi a banza.

Kowane dare bayan isha'i mukan zauna a tsakar gidan da muka sauka, kowa ya zaɓo hotuna biyar kacal daga ɗaruruwan da ya ɗauka, a haska a kwamfuta, a yi musu gyara ba tare da kunya ba. Daga nan sai in duba jadawalin jirgin gobe, in sanar da wanda zai fara zama a taga.